Kofur Magawata Ba Ya Cin Kifi

A Yawuri, gidan da ba a cin kifi
da baki ake nuna shi.
Namu ne.
Kakana, Kofur Magawata, ɗan masunta, jikan masunta,
in ya ji ƙamshin ragon ruwa a kasko
sai ya naɗe buzunsa ya koma gindin tsamiya.

Da damina ya bar gungunsu,
shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke,
ƙafarsa ba ta taɓa sanin takalmi ba.
Suka auna ƙirjinsa, suka yi masa ƙwal-kwabo,
suka ba shi lamba.
Har tsufansa, in ka tashe shi a firgice,
lambar ke riga sunansa fitowa.

Da suka ji ya iya ruwa, sai aka sa shi a jirgi a Asaba.
“Kogin nan namu ne,” in ji shi, “da wari na gane shi.
Ta ƙofar gidanmu ya wuce, ya je can ya yi ƙiba.”
Dare ne. Wuta ta taso daga ƙetare, jirgi ya kife.
Ango, ɗan Zuru, abokin rabon goronsa,
bai iya iyo ba.
Kaka ya damƙe shi ta wuyan riga,
yana iyo da hannu guda har assalatu,
da gari ya yi haske ya duba hannun.
Kwana uku yana kwance cikin ciyawar gaɓa
yana kallon abin da kifi ke ci.
Sau ɗaya ya ba ni labarin, muna gyaran kwarkwaro,
bai ɗago kai ba.

Bayan shekara uku mota ta sauke shi a Yelwa
da akwatin ƙarfe da tari.
Ya ce wa mai fito, “Kai ni gungu.”
Mai fito ya soma dariya, ya ga fuskarsa, ya haɗiye ta.
Madatsar Kainji ta shanye gungun tun bara waccan.
Duk da haka ya tuƙa shi,
ya tsaya a tsakiyar ruwa, inda babu komai,
ya ce, “Nan ne, in ban ɓata ba.”
Rumbu na ƙasa, turken akuya na ƙasa,
kabarin ubansa na ƙasa.
Kaka ya miƙe cikin kwalekwale, ya ƙame, ya sara.

Gwamnati ta ba su ɗakunan siminti masu zafin tanda,
kowanne da lamba a ƙofa.
“Ni da ɗakina,” yakan ce, “duk an ɗauke mu soja.”
Ya sayar da tarun gado, ya kama noman albasa,
kunyoyinsa a miƙe kamar ana fareti,
in ɗaya ta karkace sai ya rushe ta.
Lokaci-lokaci ya guga kakinsa ya tafi tantancewa
don su tabbatar bai mutu ba,
ya dawo da alkawari da bashin kuɗin mota.

Inna Tumba kuwa, ’yar ruwa ce ita ma,
a maƙwabta take kashe kwaɗayinta,
ta goge hannu da toka da lemun tsami.
Shekara arba’in da ɗoriya yana jin warin,
bai taɓa cewa uffan ba.

Ya rasu ana cirar albasa.
Cikin akwatin muka tarar da takardar sallama,
lambar girma ta yi tsatsa,
da wuyan riga, kaki, maɓalli guda.
Ba girmansa ba ne.

Inna ta ce in kai Zuru. Wurin wa?
Na gangara bakin ruwa da la’asar,
mata na ferar kifi, yara na tsalle daga jirage,
na ajiye shi a hankali a kan ruwa.
Kogin ya san hanyar Asaba.